Fuskar Sjef Daga Bakin Ƙofa

Tun da na zame a banɗaki ƙuguna ya karye, ƙafata ba ta sake taka titi ba. Hawa na huɗu nake, matattakala hamsin da shida, babu lif. Wata bakwai ke nan. Duk faɗin garinmu Tilburg ya koma min taga ɗaya da rufin maƙwabta.

Abin da ya rage min shi ne ranar Lahadi. In haɗa kofi, in zaro biskit ɗaya daga gwangwani, in sa kaset ɗin bidiyo na marigayi mijina Sjef. Minti goma sha ɗaya ne. Yana tsaye a bayan tsohon gidanmu yana kaɗa kwanon masara, tattabarunsa na sauka a kafaɗarsa, can sai ya juyo ya kashe min ido ɗaya.

Ranar da na cika tamanin da biyu, ɗana Ruud ya hawo da ƙarti biyu daga kanti suna haki, ɗauke da talabijin mai girman ƙofar gareji. Ka'idar kanti ce, in sun kawo sabuwa su tafi da tsohuwa. Mai jinya na yi min wanka suka sauka da tawa.

"Mama, dubi kyau! Har gashin girar mai karanta labarai za ki ƙirga."

"Na ce maka ina da aiki da girarsa? Haɗa min bidiyona."

Ya durƙusa, ya ɗauko filogin nan mai faɗi mai haƙora da yawa, ya leƙa bayan talabijin, ya sake leƙawa.

"Babu raminsa, Mama. Duk irin na zamani ne, HDMI."

"Ramuka huɗu nake gani da tsofaffin idanuna."

"Ba irinsa ba ne."

"To bi su ka karɓo min tawa, sarkin dabara."

Ya buga waya kantin. An riga an kai ta wurin da ake farfasa tsofaffin kaya.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ba na manta wanda ya yi min da wanda na yi wa. Na tuna masa shekara biyun da na riƙe masa yara lokacin da matarsa Marlies ke karatu. Sati bai zagayo ba sai ga shi da wani ɗan akwati da wayoyi, wai shi zai haɗa tsoho da sabo.

Sjef ya fito, amma ya baje kamar ganga. Ruud ya danna wani abu, baƙi ya tsaya dama da hagu, jikin ya koma daidai. Fuskar ce ba ta dawo ba. Ta yi dabbare-dabbare kamar kunu, idanu tabo biyu, tattabarun kuwa kamar an zubar da madara.

"Wannan ba ubanka ba ne."

"Shi ne, Mama. Kaset ɗin hotonsa ƙarami ne. Ita kuma wannan ɗigo take da shi miliyan takwas, dole ta cika su duka."

"Da me take cikawa?"

"Kintata take yi."

"Wato ƙarya take shirga min a kan mijina."

Ya ce iyakar abin da za a iya ke nan.

Abin da ya tsorata ni, in na rufe ido fuskar kunun nan na fara gani maimakon tasa. Sai na koma kunna kaset ɗin ina ba shi baya, muryar kawai nake saurare.

Lahadi ta uku, kaset na kunne, maƙwabciyata Toos ta ƙwanƙwasa, ta kawo min burodi. Na ja sandata mai ƙafa huɗu har bakin ƙofa, na karɓa, na juyo. Daga can ƙarshen lungu, ta ƙofar falo, sai ga Sjef a talabijin. Ƙarami, amma shi ne. Hancinsa, hularsa a karkace. Ya juyo ya kashe min ido.

Na kira Ruud. "Gobe ka zo ka ja min kujera zuwa bakin ƙofa."

"Haba Mama, can fa sanyi ke shigowa."

"Sai ka taho da bargo."

Yanzu can nake shan kofina, tsakanin takalma da rigunan ruwa. Da zan ƙara ja baya taku biyu, na san har wushiryarsa zan gani. Amma bayana na jingine da ƙofa, bayan ƙofar kuma matattakala ce.