Sitiyari da Injin Yankan Kati

Tun da Sitiyari ya ajiye tuƙin babbar mota, gidan bai sake samun sakat ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ya kuma bi shi har cikin gida, jikoki ma Kaka Sitiyari suke ce masa. Mutum ne da ya saba yau yana nan gobe yana can, sai ga shi gwiwa ta ce ta gaji, likita ya goya mata baya. Ya dawo gida ya zauna, hannu na masa ƙaiƙayi. Ya kwance fanka ya ɗaura, ta koma juyi tana kuka. Ya gyara ƙofar kicin, ta daina rufuwa.

Abu ɗaya ne hannunsa bai kai ba: teburin Malama. Matarsa ce, ta daɗe tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, yanzu kuma katunan gaisuwa take yi da hannu. Teburin na jikin tagar falo, cike da kwali kala-kala, alƙaluman kala, gam, da hatiman roba a jere cikin akwati. A gefe ga wani ɗan inji mai hannun juyawa. Sai ta ɗora siririn ƙarfe mai siffar fure a kan kwali, ta haɗa su tsakanin alluna biyu, ta murza, fure ya fito a yanke tsaf.

"Wannan ai injin taliya ne," in ji Sitiyari.

"Ko na mene ne, Malam, kada ka taɓa mini."

Bai taɓa ba. Famfon banɗaki ya taɓa. Ya ce yana ɗiga, ya ɗaure shi da sufana har ya gamsu, washegari ruwa ya kwanta a kan tayil. Malama ta shiga, santsi ya kwashe ta. Aka dawo da ita daga asibiti hannun dama naɗe da filasta, rataye a wuya.

Ba ta ce masa komai a kan famfon ba, shi ne ma abin da ya fi damunsa. Teburin kawai take kallo tana tsaki. Ta yi wa shugabar tsohuwar makarantarta alkawarin kati ga kowane ɗan ajin ƙarshe, ranar sallamarsu kuma ta matso. Ta gwada da hagu, furen ya fito kamar an taka shi. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta ce za ta taya ta, amma aikinta a kantin magani ba ya barinta ta dawo da wuri.

Sitiyari ya gyara murya. "Ni zan yi."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, kai? Da wannan hannun?"

Ya dubi hannuwansa. Kowane yatsa ya kai kaurin sufana. "Hannun da ya riƙe tirela a gangare, kwali ne zai gagare shi?"

Malama ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna. Amma ni ce direba, kai ne yaron mota."

Haka aka fara. Ta nuna masa yadda ake ninke kwali a goge bakin da bayan cokali. Ta nuna masa yadda ake dangwala hatimi a kan soson tawada, sannu-sannu, ba a danna shi kamar birki ba. Na farko da ya buga ya fito baƙi ƙirin, na biyu ya zame, na uku ya fito da tambarin babban yatsansa a gefe.

"Malam, ba a ofishin zaɓe kake ba."

Injin kuwa nan da nan suka shirya. Da ya ji ƙarfen ya ciji kwali ya yi ƙas, sai ya ce giya ta shiga. Ya dinga murzawa, furanni na zubowa, ganyaye na zubowa, har Malama ta ce ya taka birki, ba gona za su buɗe ba. Wajen shafa kala ne suka yi ta musu. Ita tana son ruwan hoda mai sanyi, a fara da haske a ƙare da duhu. Shi kuwa ja da rawaya da kore yake zubawa ba tausayi.

"Ka mai da mini fure bayan mota."

"Ai shi ya sa ake hango shi daga nesa."

Ranar da Auta ta kai Malama asibiti a sake duba hannun, saura buga rubutu kawai a cikin katunan. Kafin su fita Malama ta ce ya jira ta, domin rubutun jikin hatimi a juye yake, sai wanda ya saba.

"Malama," ya ce, "rabin rayuwata a madubin gefe na yi ta. Komai a juye nake ganinsa."

Suna fita ya jawo akwatin. Tabaransa na ɗaki, amma gwiwa ta ce ba inda za ta. Ya ƙanƙance ido, ya ɗauko hatimi mai lanƙwasasshen rubutu da ya ga ya yi kama da wanda take nuna masa, ya kunna rediyo, ya kama aiki. Bai taɓa buga hatimi da kyau irin na ranar ba. Kowanne ya zauna a tsakiya cif, ba zamewa, ba yatsa. Ya jera su a kan tebur da kujeru har da saman talabijin don su bushe, ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Malama ta shigo, ta ɗauki ɗaya, ta karanta. Ta ɗauki na biyu. Ta nemi kujera za ta zauna, ta ga kati a kai, ta jingina da bango.

"Auta, zo karanta wa babanki."

Auta ta karanta da ƙarfi: "Allah ya ƙara sauƙi."

Sitiyari ya warware hannunsa. Can Malama ta fara dariya, tana riƙe da hannun mai ciwo tana cewa wayyo, hawaye na zuba. Auta ta durƙushe a ƙasa.

"Ba ka karanta ko ɗaya ba?" in ji Malama.

"Direba hanya yake kallo," ya ce a hankali, "ba allon talla ba."

Kunya ta kama shi sosai, har ya ce zai je ya sayo sabon kwali a sake daga farko. Malama ta share ido ta ce ba sai an kai ga haka ba. Ta sa ya ɗauko wani ƙarfe mai siffar ƙyalle, ya yanko ƙananan farare da yawa, ya buga "Barka da kammala karatu" a kansu, wannan karon da tabarau a hanci, aka manna kowanne a kan kuskuren. Sai katunan suka fi da kyau, rubutun ya ɗan taso.

"Addu'ar ma ba ta ɓaci ba," in ji Malama. "Wanda ya fito daga jarrabawa ai yana buƙatar sauƙi."

Aka kai katuna makaranta. Shugabar ta bugo waya tana godiya, ta ce yara har rububin masu ja da rawaya suka yi. Malama ta ajiye wayar ba ta kalle shi ba. Shi kuma ya yi ta shafa gemu har yamma.

Kati ɗaya ya rage wanda ba a rufe rubutunsa ba. Sitiyari ya gan shi a bayan talabijin, ya juya shi a hannu, sai Bakanike ya faɗo masa a rai. Amininsa ne, shi yake gyara masa mota tun suna da baƙin gashi. Watannin baya ɓarin jikinsa ya shanye, tun daga nan ya daina son baƙi. Sitiyari ya je sau ɗaya, ya zauna a bakin gado ya rasa abin cewa, ya yi ta kallon silin, ya gudo. Bai koma ba, abin kuma na cinsa.

Ya zauna a teburin ba tare da ya nemi izini ba. Babu ƙarfe mai siffar mota, don haka ya sa almakashi ya yanko kan mota daga jan kwali, bodi daga rawaya. Tayoyi kuwa, ƙarfen da Malama take yanka tsakiyar fure da shi ya ɗauka, ya murzo su baƙaƙe. Ya manna su a fuskar katin, ya zana gilashi, ya zana madubi, har da ɗan hayaƙi a baya. Malama na daga kujera tana leƙe har ya gama.

"Na Bakanike ne?"

"Wai. Amma namiji ya kai wa namiji kati? Dariya zai yi mini."

"To in ya yi dariyar, ba shi ke nan ba?"

Ya sa katin a aljihu ya tafi. Matar Bakanike ce ta buɗe ƙofa, duk ta rame, ta ce ya shiga amma kada ya ji haushi in bai kula shi ba. Bakanike na kwance ya juya wa ƙofa baya. Sitiyari ya yi sallama, ya samu amsa ciki-ciki. Ya zauna, silin ya fara kiransa. Sai ya zaro katin ya ajiye masa a kan ƙirji.

Bakanike ya ɗaga shi da hannunsa mai lafiya, ya kawo kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?" Maganar na fita da nauyi.

"Ni."

"Kai?" Gefen bakinsa ya motsa. "Tayar baya ta karkace."

"Ina ta karkace?"

"Ga ta nan. Duk rayuwata ina daidaita maka tayar nan. A takarda ma ba ka bar ta ba."

Sai dariya ta ƙwace masa, rabin baki, da tari a ciki, amma dariya ce. Matarsa ta leƙo da sauri ta ɗauka wani abu ne ya faru. Suka yi ta hira har rana ta yi sanyi, ta ranar da birki ya tsinke, ta yaron motar da ya yi barci a kan kaya aka wuce da shi gari uku. Da Sitiyari ya tashi tafiya, Bakanike ya kamo bakin rigarsa, ya rage murya.

"Kana yin na fure?"

"Ni ne ma sarkin fure."

"Matar nan. Tun da na kwanta nake mata tsawa. Jiya na ture kofin magani, ya zube mata a jiki. Bakin nan ya ƙi faɗin abin da ya kamata." Ya saki rigar. "Amma ni nake so in buga da hannuna."

A gida Sitiyari ya zazzage akwatin hatimi yana neman "Ki yi haƙuri". Babu.

"Ba a taɓa tambayata shi ba," in ji Malama. "Maza ba sa nema." Ta tona da hagu ta miƙo masa wani ƙarami. "Ga 'Na gode'. Za ta gane sauran."

Furen kuwa a kan umarninta ya shafa shi, ruwan hoda mai sanyi, daga haske zuwa duhu, bai yi musu ko sau ɗaya ba.

Washegari suka tafi tare. Malama ta ja matar Bakanike kicin da hira, ta turo ƙofa. A ɗaki Sitiyari ya tayar da amininsa zaune, ya sa masa filo a baya, ya ɗora tire a cinyarsa, ya buɗe katin ya danne gefensa.

"Dangwala a hankali. Ba birki ba ne."

"Kai za ka koya mini aikin hannu?"

Bakanike ya dangwala, ya ɗaga hatimin da hannunsa mai lafiya. Ya sauke shi. Da ya ɗaga, rubutun ya fito sarai, sai dai ya hau tudu, "Na" a ƙasa, "gode" na neman sama.

"Akwai dabara," in ji Sitiyari. "Sai a yanko wani a manna a kai."

"Bar shi. Haka za ta san ni na yi."

Da matan suka shigo da shayi, Bakanike ya miƙa mata katin yana kallon bango. Ta ajiye tire, ta goge hannu a zani, ta karɓa. Ta kalli furen, ta buɗe, ta karanta. Ta daɗe a kan kalmomi biyun nan kamar wasiƙa ce mai shafi da yawa.

"Ku tsofaffin nan," ta ce, "wa ya sa ku?"

Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta jingina katin a kan durowa inda za a riƙa ganinsa daga gado. Sannan ta ɗauko kofi da ƙwayoyi ta tsaya a kansa.

"To, sha maganinka."

Bakanike ya karɓa ya shanye tas, har ya miƙo kofin a ƙara masa ruwa.