Ranar da Yaya Larbi Ya Shigo Dambe

Wata uku na yi ina koyon damben naushi da shuri a wurin Koci Jilali, a wani tsohon gidan burodi da ke bayan unguwarmu a nan birnin Fas. Nan ne kaɗai ake kirana Mbarek, ba ƙanin Larbi ba. Shekara goma sha tara ke nan, tun rasuwar mahaifinmu, nake zaune a gefen Yaya Larbi a shagonsa ina sassaƙa ƙananan tayil na ado. Ina da mata da 'ya'ya biyu, amma ban taɓa kallon ƙwayar idonsa yana magana ba. Haka aka raine mu.

Ana cikin haka Si Bushta, mai babban shagon tayil a can birnin Tanja, ya yi min tayin aiki, in zama babba a kan mutum shida. Ya ce in ba shi amsa ranar Juma'a. Kwana tara ina tauna maganar. Da na buɗe baki a gaban Yaya, sai in ji ina tambayarsa ko a ƙaro shayi.

Ranar Laraba bayan la'asar ina naɗe hannu da ƙyalle, sai ga shi ya shigo da tumbinsa da sabon gajeren wando. Wai likita ne ya ce suga ya yi masa yawa, ya je ya motsa jiki. Duk faɗin Fas bai ga inda zai motsa ba sai nan. Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka.

Koci Jilali dattijo ne mai lotsattsen hanci, ya daɗe yana dambe a ƙasar Holan. Ya jera sababbi ya yi musu karatun da ya saba.

"Hannu biyu a kumatu, kamar mai ciwon haƙori. Haɓa ƙasa, ido sama. Shuri da ƙwauri ake yi, ba ƙwallo kuke bugawa ba. In aka matsa maka kada ka ja baya a miƙe, igiya ce a bayanka. Fita ta gefe." Ya juyo gare ni. "Mbarek, yayanka ne wannan? Madalla. Ku shiga cikin igiyar dandali, ku ɗan taɓa juna a hankali."

Muka haɗa safar dambe, gaisuwar farawa. Mu nan in ka gaisa da mutum sai ka kai hannun dama ƙirji. Koci ya raba ni da wannan tun satin farko, amma yau Yaya ne a gabana, hannun da kansa ya tafi ƙirjin. Shi kuwa bai taɓa kai hannu ƙirji don ni ba. Ya zabga min naushi a kunne.

"Gaisuwa a masallaci ake yi, Mbarek!" in ji Koci. "Ɗaga hannun nan!"

Na ja baya a miƙe, abin da aka hana, har na ji igiya a ƙuguna. Yaya ya tare ni a kusurwa da jikinsa. Bai iya komai ba, duka kawai yake kamar mai kakkaɓe darduma, ni da na iya kuma idona na kan yatsun ƙafarsa.

"Wannan ne abin da kake tashi aiki da wuri dominsa?" Yana haki yana magana. "Ɗan lelen Inna! Taɓa ni mana!"

"Kalle shi!" Koci ya daka tsawa. "Ba cinye ka zai yi ba. Ido sama, ka fita ta hagu!"

Na ɗaga ido. Ashe girarsa ta yi furfura, ashe ma na fi shi tsayi. Na goce ta hagu na saki hannun dama, ya sauka a kan hancinsa. Yaya ya zauna daɓas, jini ya biyo gemunsa.

Na tofar da robar haƙori, na durƙusa na riƙe kansa da safar nan na sumbaci tsakiyar kan, ina cewa ya yafe min. Dariya yake yi. Ban taɓa ganinsa a ƙasa ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Yaya, akwai maganar da nake so..."

"Ta Tanja?" Ya goge jinin da bayan hannu. "Bushta ɗan mutunci ne, ba zai ɗauki mutum daga hannun maigidansa bai nemi izini ba. Tun Asabar ya kira ni. Na faɗa masa ba inda za ka je."

Kwana huɗu ke nan yana kallona ina kawo masa shayi, ya sani.

Ya miƙo hannu, na ɗaga shi. Ya dafa kafaɗata ya dubi Koci. "Malam, waɗanne ranaku yaron nan yake zuwa? Rubuta ni a cikinsu duka. Sai mu riƙa rufe shago mu taho tare, ko ba haka ba, Mbarek?"

"Haka ne, Yaya," na ce, na je ɗebo masa ruwa.