Jar Igiya a Jikin Gawo

Najaha ta yanke shawarar sayar da gonar ubanta ranar da maƙwabciyarta ta dawo daga Aljeriya da katifa da barguna uku. Shekara biyu ke nan da rasuwar mijin Najaha a Ɗan Barto. Ta dawo Matameye da ɗiya ɗaya, Jannatu, tana surfe da wankau a gidajen mutane. Kuɗin gonar zai kai su Agadas, ya kai su Arlit, ya ƙetare da su hamada. Abin da ake zuwa yi can kowa ya sani, ko da yake ba a son faɗa: uwa ta zauna bakin titi, ta tura ɗiyarta tsakanin motoci da hannu a miƙe. Jannatu shekararta tara, tana aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Cire ta za a yi.

Najaha ba muguwar uwa ba ce. Ta dai sa wa ranta cewa talauci gado ne, kamar tsagar fuska, wanda aka haifa da shi da shi za a binne shi. Kakanta a gonar wani ya ƙare. Ubanta Bawa ya yi rani talatin yana tura kurar ruwa a Kano, ya mutu da riga biyu. Me zai sa a kan Jannatu abin ya sake? Gara yarinyar ta koyi miƙa hannu tun tana ƙarama, kafin kunya ta yi mata nauyi. Mugun tunani ne, amma yunwa ce ta koya mata shi, kuma masu zaginta yawancinsu da tuwo a cikinsu suke zagin.

Gonar tana kan hanyar Icirnawa, kuma Najaha ta fi shekara ashirin ba ta taka ta ba. Kunya ce ta hana ta. Lokacin tana ƙarama, manomin kirki shi ne wanda ya yi sassabe fes, ya tumɓuke kowane kututture, gonarsa ta zama kamar tsakar gida. Ta Bawa kuwa cike take da toho, ƙaya ko'ina. Abin bai tsaya nan ba. Duk kaka, kafin ya tafi cin rani, sai a gan shi yana zagaya gonar yana ɗaura wa tsirrai jar igiyar leda. Ja kuwa an san na su wane ne. Nan da nan gari ya ɗauka cewa Bawa ya gaji da talauci ya koma roƙon iskoki. Yara suka riƙa bin Najaha bakin rijiya suna kiranta ɗiyar mai kututture. Da aka zo rabon gado, wanta Abdu ya ɗauki gidan, ya bar mata gonar don ba mai so. Ta ba maƙwabcin gonar, tsoho Shekara, aro. Duk shekara yakan aiko mata da damin hatsi biyu, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Mai sayen shi ne Alhaji Ɗahiru, mai kiwon raguna. Ya ce sai an je an taka iyaka gaban shaida. Suka tafi da hantsi, cikin bazara, shi a kan babur, ita da Jannatu a amalanke. Ƙasa ta yi fari fat, ba ko tsinken ciyawa.

Da amalanken ya hau tudu, Najaha ta ce wa mai jakin ya ɓata hanya.

Bai ɓata ba. A gabansu, inda ta san ƙaya da rairayi, wasu manyan itatuwan gawo ne tsaye, kore shar, a watan da komai ya bushe. Ta sauka ta shiga ƙarƙashinsu, zafin ya sauka daga kanta kamar an sauke mata tulu. Ƙasar wurin baƙa ce, tana nutsewa ƙarƙashin ƙafa. 'Ya'yan gawo sun zuba ko'ina, jajaye, a nannaɗe. Kurciyoyi suna kuka can sama. Ta fara ƙirga itatuwan, ta kai arba'in ta rikice, ta bari. Ta ji bakinta yana tasbihi ba ta sa shi ba.

Tsoho Shekara yana zaune gindin ɗaya, sanda a kan gwiwa. Shi aka kira shaida.

"Ɗiyar Bawa, yau kin tuna da mu?"

"Baba, ina kwana. Wa ya shuka waɗannan?"

Alhaji Ɗahiru ya riga shi amsawa, yana kafe babur. "Gawo ai ba a shuka shi, ikon Allah ne. Kuma ke kin san gonar nan da tarihinta. Ni ma don zumunci zan saya. Wa zai so wurin da aka yi wa ɗaure-ɗaure?"

Shekara ya yi dariya har ya yi tari. "Alhaji, in iskokin ne suka dame ka, ai kullum raguna naka suna nan suna kiwo tare da su. Ban ga wanda ya rame ba."

"Kai dai tsoho an kira ka shaida, ba a kira ka wa'azi ba."

"To shaidar zan bayar."

Ya miƙe da ƙyar, ya ce wa Najaha ta biyo shi. Ya kai ta gindin wani gawo da mutum biyu ba za su rungume ba, ya nuna mata da kan sandarsa. Ƙasa-ƙasa, cikin ɓawon, akwai wani ɗan zare da ya koɗe, itacen ya haɗiye shi saura bakin. Ta durƙusa ta kankare da farce. Daga ciki har yanzu ja ne.

"Ga iskokin ubanki nan," in ji Shekara. "Shi yana Kano lokacin sassabe, uwarki Halima ce ke yi. Kowane kututture yakan fitar da toho goma. Sai Bawa ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya ɗaura musu igiya, don ta san waɗanda ba za ta sare ba. Shi ke nan. Ja ce don ita ce ake hangowa daga nesa, kuma da ita yake ɗaure jarkokinsa."

"Me ya hana ya faɗa wa mutane?"

"Ya faɗa. Ni ya faɗa wa, nan wurin. Ya ce ba shi da shanun da za su taka masa gona, ba shi da kuɗin taki, to gawo zai yi masa aikin. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, da rani ya yi inuwa dabbobin mutane su kwanta su bar masa kashi. Na ce masa, Bawa, kafin wannan tsinken ya zama itace kana kabari. Ya ce ya sani." Tsohon ya dogara da sandarsa. "Ni na fara kiran shi mai kututture. A bakina yara suka ji."

Najaha ta miƙe daga gindin itacen. Tana tuna ubanta, mutumin da take ɓuya in ta hango shi tafe a kasuwa, kafaɗarsa ɗaya ta karkace.

"Saura ɗaya," in ji Shekara, bai dube ta ba. "Dami biyun da nake aiko miki. Gonar nan ko damina ta yi gardama ba ta kasa hamsin. 'Ya'yan gawon kuma buhu-buhu jikokina ke kaiwa kasuwa, Alhaji ne ma babban mai saye. Ba ki tambaya ba, ni kuma na ji daɗin shirun. Na tsufa, ba na so in haɗu da Bawa da wannan a wuyana."

Alhaji Ɗahiru ya gyara hula. Ya ce to, tun da an yi haka, zai ƙara a kan abin da ya faɗa. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ba ƙaramin abu ba ne, ya isa mota zuwa da dawowa har da guzuri.

Najaha ta waiwaya. Jannatu ta cire kallabinta ta shimfiɗa, tana tsince 'ya'yan gawo tana tarawa, ba wanda ya sa ta. Hannun nan ne aka shirya miƙa wa baƙi ta tagar mota. Najaha ta ɗaga kai ta dubi rassan, sun haɗe sama har rana ba ta samun wurin saukowa sai ɗigo-ɗigo. Mutum mai riga biyu ya yi wannan. Ya sha zagi shekara da shekaru a kan inuwar da ya san ba zai zauna cikinta ba, ita kuma da aka yi dominta ta zo sayarwa ba ta ko leƙa ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Na ɓata maka man babur."

"Ki yi tunani, ɗiyar Bawa. Itace ba ya cika tukunya yau."

"Na sani. In 'ya'yan kake so, ranar kasuwa ka neme ni."

Ya tayar da babur ya tafi bai yi sallama ba.

Kada wani ya ce Najaha ta yi arziki. Ta koma surfenta a ranar, kuma kafin hatsi ya nuna sai da suka kwana da yunwa ba sau ɗaya ba. Shekara ya ba ta iri da hauya da jikokinsa biyu na kwana uku, bai fi haka ba, ita ma ba ta yafe masa nan take ba. Amma Jannatu ta koma lakwal ranar Litinin. Ko za ta tashi matalauciya kamar uwarta da kakanta, Allah ne masani. Abin da aka sani shi ne ba daga inda suka fara za ta fara ba.

Kafin su bar gonar a ranar, Najaha ta tsaya gaban wani kututture a bakin iyaka, ya fitar da toho sun kai takwas.

"Baba, shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya?"

"In awaki sun bar shi, goma. Ko sha biyar."

"Wanne ake bari?"

Tsohon ya taɓa biyu da sandarsa. Ta duba jikinta ba ta ga igiya ba, sai ta sa haƙori ta yage bakin zanenta.