Shayin Sashen Gaggawa

Gwaggo ba ta so zuwa asibiti ba. Santsi ne ya kwashe ta a bakin famfo, ta dafa ƙasa da hannun hagu, wuyan hannun ya kumbura suntum. Da a son ranta ne, man zafi za ta shafa ta ci gaba da harkarta. Amma Auta, ɗanta na ƙarshe, wanda tun da ya tara gemu yake jin kansa uban kowa, ya saka ta a mota sai sashen gaggawa.

Aka ɗauki hoton hannun, aka ce targaɗe ne ba karaya ba, aka ɗaure, aka ce ta jira sallama. To, Gwaggo ba ta iya zaman banza ba. Hannu ya huta, kunne ya kama aiki.

Nan ta lura da wani abu. Likita yakan leƙa bayan labule, ya fito ya ce wa nas, "Wancan a ba shi shayi." Wani kuma a tsallake shi. Ikon Allah, har asibiti ma da son kai? Ta zuba ido ta ga kofi, babu kofi babu dalilinsa. Sai da aka zo gadon da ke kusa da nata, inda wani ramammen mutum yake ta tari, ta ji nas ta rage murya: "Gwajin ƙanjamau ne. In ka yarda, ɗigon jini kawai za mu ɗauka a yatsa, kuma daga mu sai kai." Ashe shayin ke nan! Sun laƙaba masa suna ne don labule ba ya tare magana.

Nan take Gwaggo ta tuna baya. Mijinta, baban su Auta, ya rasu shekarun baya bayan doguwar jinyar da ba wanda ya kira sunanta. Ya rame, ya yi ta tari, aka ce ciwon ajali. Ita kuwa ta haɗiye zarginta, ba ta faɗa wa kowa ba. Ga shi yanzu mai gyaran agogo na bakin layinsu, dattijo mai tsabta da matarsa ta rasu, ya fito yana neman aurenta. Agogon bangonta ya sha gyara har ya gaji, alhali lafiyarsa ƙalau. Tana son mutumin, wallahi tana son sa. Amma kullum amsarta "sai na yi shawara," don ba za ta kai wa bawan Allah abin da ba ta san tana ɗauke da shi ba. Gwaji kuma, da furfurarta, wa za ta ce ya raka ta?

Nas ta zo wucewa da farantin kayan aiki. Gwaggo ta dubi Auta yana danna waya, ta gyara murya.

"'Yar nan, ni ba za a ba ni shayin ba ne?"

Nas ta tsaya cak. Auta ya miƙe zumbur. "Haba Inna, shayi kike so ba ki faɗa ba? Sai ki roƙi mutane?" Ya fice yana laluben aljihu.

Nas ta ja labule tana danne dariya. "Mama, kin san ko wane irin shayi ne?"

"Hannuna ne ya gurɗe, ba kunnena ba."

"Ba kowa muke yi wa ba, Mama. Wanda muka ga alama, ko aka ba mu wani dalili."

"Wato ni kun dube ni kun ce wannan ta gama yayi."

Sai ta ba ta labarin marigayi a gurguje, ta ƙara da na mai agogo, kanta a sunkuye kamar budurwa. Nas ta daina dariya. Ta ce wannan dalili ya isa har ya yi yawa. Ta kuma ce ko da an samu, akwai magani, mutane na sha suna aurensu suna tsufansu lafiya. Ta soki yatsa, ta ɗiga jinin a ɗan farin abin gwajin, ta zauna a bakin gado suna jira. Gwaggo ta yi ta salati, ta ƙi kallon abin.

"Layi ɗaya, Mama. Babu komai."

"Sake dubawa."

"Na duba. Babu."

Gwaggo ta yi ajiyar zuciyar da ta daɗe tana bin ta bashi, hawaye suka zubo, ta share da bakin mayafi. Daɗi ya kama ta har ta manta da hannun.

Auta ya dawo da kofi yana turiri. Ta karɓa, ta hura, ta kurɓa.

"Auta, in mun koma ka biya wurin mai gyaran agogo. Ka ce na gama shawara."

Auta ya sosa gemu. "To, Inna."

"Amma ka ce masa ya fara biyowa ta nan ya sha shayi."

Auta ya leƙa kofin. "Har ya kai haka daɗi?"

"Tun rasuwar babanku ban sha irinsa ba," in ji Gwaggo.