Madarar da Irulandi Ya Zuba wa Maniyan

A birnin Madurai ba a zuba wa hoton mutum madara da wasa. Duk wanda ya hau tsani da tulu a ka, ya tsiyaye shi a kan hoton jarumi a gaban jama'a, to ya gaya wa duniya cewa shi da mai hoton abu ɗaya ne. Irulandi mai guga ya san wannan sarai, don shekara tara yana shugabantar ƙungiyar masoya Maniyan ta Unguwar Masu Wanki.

Maniyan dai ba mutum ba ne da za ka ci karo da shi a kasuwa. Jarumin wani shirin talabijin ne da ake nunawa duk Lahadi da ƙarfe sha ɗaya na safe. Koren ƙyalle yake rufe fuska da shi, yana da ƙarfin giwa goma, kuma duk talakan da aka zalunta, in ya buga ƙararrawa sau uku, sai ka ga Maniyan ya diro daga sama. Babban abokin gabarsa wani attajiri ne, Mai Zobe Goma, wanda ba shi da aiki sai kawo wa talakawa takarda su sa hannu ya ƙwace musu filaye. Shekara tara yana kawowa, shekara tara Maniyan yana yayyaga ta a gabansa.

Mu ma a unguwarmu muna da namu mai takardar. Kamfanin Hasumiyar Zinariya ya ƙyalla ido a kan filin da gidajenmu sittin da biyu suke zaune a bakin kogi. Wakilinsu, wani mai laushin murya da ake kira Danabalan, shekara biyu yana zarya da jaka a hammata, yana cewa za a ba kowa ɗaki a wani dogon bene can bayan gari. Ina mai wanki zai kai ɗaki a hawa na bakwai, ba kogi ba wurin shanya? Amma mutum yana gajiya, kuma da tuni an sallama ba don Irulandi ba. Bai san doka ba, karatunsa ma bai yi nisa ba. Abin da yake da shi ƙararrawar tagulla ce rataye a rumfar gugarsa. Da ya hango Danabalan sai ya buga ta sau uku, unguwa ta taru, ya ce, "Maniyan zai sa hannu?" A amsa masa, "Ba zai sa ba!" Danabalan ya yi murmushi ya juya. A kan wannan kaɗai gidaje sittin da biyu suka tsaya shekara biyu, ko ka yi dariya ko kada ka yi.

Ana saura kwana uku a nuna kashi na ƙarshe na shirin, sai ga babbar mota ta sauke hoton Maniyan na katako, tsayinsa ya fi na bishiyar kwakwar bakin haikali. Direban ya ce saƙo ne daga wani masoyi da ba ya son a ambaci sunansa. Daga gwiwar hoton zuwa ƙasa an naɗe shi da jan yadi an ɗinke, da 'yar takarda a jiki: kada a buɗe sai an gama shirin.

Irulandi ya rasa inda zai sa kansa don murna. Matarsa Ponnammal kuwa ta zagaya hoton sau biyu tana taɓe baki.

"Baban Malar," ta ce, "tun da na aure ka, wa ya taɓa ba ka ko allura kyauta?"

"Ke dai ba ki san ƙauna ba."

"Na san ta mana, ita ta sa nake zaune da kai. Me aka ɓoye a ƙarƙashin yadin?"

"An ce kada a buɗe, ba za a buɗe ba. Amana ce."

Amininsa Sevugan mai shayi, wanda tare suka kafa ƙungiyar, shi ma ya ja shi gefe ya ce, "Yaya, me zai hana mu bari a gama kallo tukuna, sannan a zuba madarar?"

Irulandi ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. "A ina ka taɓa ganin an yi haka? Wanda ya jira sai ya ga kaya kafin ya zuba, ai mai ciniki ne, ba masoyi ba. Kafin a fara ake zubawa, haka muka tarar, haka za mu yi."

Gaskiyarsa ne, haka ake yi. Sevugan ya koma wajen shayinsa.

Ranar Lahadi tun da hantsi unguwa ta cika ta batse. An kafa tsanin gora a jikin hoton, an rataya masa sarƙar furanni da sai da mutum shida suka ɗauke ta. Makaɗa suna ta dukan ganguna, mata sun dafa shinkafa mai zaƙi a manyan tukwane, har 'yan unguwannin maƙwabta sun zo ganin hoton da ya fi nasu. Irulandi ya ɗaura sabon zanensa fari irin na mazan garinmu, ya ɗora tulun tagulla a ka, ya hau tsani mataki-mataki, wayoyi sun fi ɗari suna ɗaukarsa. Da ya kai saitin goshin Maniyan ya karkata tulun, madara ta gangaro fara sol ta bi koren ƙyallen, ta bi ƙirji, ta sauka a kan jan yadin. Ihu ya kaure.

Da a nan ya tsaya, da ya tsira. Amma daɗi ya kwashe shi, ya ɗaga hannu aka yi tsit, ya ce da iyakar muryarsa, "Ku shaida! Abin da Maniyan ya yi yau, shi Unguwar Masu Wanki za ta yi. Na rantse da madarar nan!"

Aka yi tafi har da masu fito. Ponnammal kaɗai ce ba ta tafa ba.

Ƙarfe sha ɗaya aka zazzauna a ƙarƙashin rumfa gaban babbar talabijin da aka aro. Rabin farko lafiya lau: Maniyan ya ɗaga motar rusau da hannu ɗaya ya cilla ta cikin tafki, tsofaffi har da miƙewa tsaye. Sai ga Mai Zobe Goma da takardarsa. Irulandi ya gyara zama, ya zunguri Sevugan, ya ce, "Kalli yadda ake yaga takarda."

Ba a yaga ba. Mai Zobe Goma ya ja Maniyan cikin mota mai sanyi, ya kai shi wani dogon bene, ya nuna masa famfo, ya nuna masa filin wasan yara. Aka sa wani kiɗa mai taushi. Maniyan ya kwance koren ƙyallen da bai taɓa kwancewa ba shekara tara, ya ce ya gaji da faɗa, ashe shi ne yake tare wa talakawa hanyar ci gaba. Ya karɓi biro ya sa hannu. Ƙararrawar kuwa ya miƙa ta aka narkar, aka yi kan famfo da ita. Sunaye suka fara hawa allo.

Kaka Karuppayi, tsohuwar da ba ta taɓa fashin kallo ba ko ranar da aka binne ƙanwarta, ta ce, "Ku zauna, ku zauna! Dabara ce, yanzu zai dawo ya yaga." Aka zauna. Aka sa tallar sabulu, aka sa ta man girki, aka shiga labarai. Sannan ta cire takalminta ta jefi talabijin ɗin.

Wurin ya hargitse. Wani yana cewa ba shi ba ne, an canza ɗan wasan, dubi hancinsa. Wani yana cewa lallai akwai kashi na gaba da aka ɓoye. Wani ƙato da ya yi zanen ƙararrawa a damtsensa ya zauna yana kallon damtsen yana kuka wiwi. Masu waya suna karanto abin da ke faruwa a wasu garuruwa: can an ƙona koren ƙyalle, can an yi wa hoto ruwan tumatir. Irulandi kuwa zuciyarsa ce take masa zafi irin na wanda ɗan'uwansa na jini ya yi wa ƙarya, kuma duk da haka wani ɓangare nasa yana nema wa Maniyan uzuri.

Ana cikin haka wani ya tuna da jan yadin. Kafin Irulandi ya miƙe, an sa wuƙa an farke ɗinkin, yadin ya zame jiƙe da madara. Ga rubutu da manyan haruffa masu ruwan zinariya: MANIYAN YA SA HANNU. KAI FA? A ƙasa ga sunan Kamfanin Hasumiyar Zinariya da hoton dogon bene, shi ne dai wanda aka gama gani a talabijin.

Hayaniyar ta mutu. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka bar hoton suka dawo kan Irulandi.

Sevugan ne ya fara magana, kuma a hankali ya yi ta, abin da ya fi ciwo ke nan. "Yaya, hawa na nawa suka ba ka?"

"Sevugan! Ni?"

"Na ce mu jira, ka ce a'a. Matarka ta ce a buɗe, ka ce amana. Amanar wa?"

"Na rantse da kabarin uwata ban san..."

"Rantsuwa kuma? Ai mun ji ta ɗazu daga saman tsani," in ji Kaka Karuppayi tana neman takalminta. "Ɗan nan, da ka gaya mana ka gaji, wa zai hana ka? Sai ka tara mu da ganguna?"

Ponnammal ta shiga tsakani tana cewa, "Ku ji tsoron alhaki! Mijina wawa ne, na yarda, amma ba maci amana ba ne." Ba wanda ya saurare ta. Wani saurayi ya ɗaga waya: tuni kamfanin ya sa hoton bidiyon Irulandi a shafinsa, ga shi a saman tsani yana rantsuwa, ga rubutu a ƙasa wai shugaban unguwa ya yi maraba da ci gaba.

Ba a fi rabin awa ba sai ga Danabalan, yau har da tebur da kujera da laima. Bai yi wa kowa dogon bayani ba. Cewa kawai ya yi ɗakunan hawa na ƙasa ba su da yawa, wanda ya riga shi zai zaɓa. Ba wai mutane sun yarda da shi ba ne. Abin da ya riƙe su ne ya tsinke, kuma kowa ya ga in dai shugaba ya riga ya sayar, gara tsohuwarsa ta samu inda ba sai ta hau bene ba. Ƙaton nan mai zane a damtse shi ya fara tsayawa a gaban teburin. Sevugan shi ne na huɗu a layi, bai ko waiwayo ba.

Rana ta take. Madarar da ke jikin hoton ta fara tsami, ƙudaje sun baibaye ta, warin ya cika layin. Irulandi ya ratsa ta gefen mutane har rumfar gugarsa, sabon zanensa duk ɗigon madara. Ya kama igiyar ƙararrawar tagullar nan da ta tara unguwa shekara biyu, ya buga da dukkan ƙarfinsa. Ɗaya. Biyu. Uku.

Wasu sun ɗago kai, suka mayar. Ba wanda ya bar layi.

Mutum ɗaya ne ya amsa. Danabalan ya ajiye abin da yake yi, ya tako har bakin rumfar da takarda a hannu, ya cire murfin biro, ya miƙo masa da ladabi.

"Ka kira, Yaya?" ya ce.