Launin Ɓeran Skelday

Dakta Fenella Rusk ta yi mako uku a tsibirinmu na Skelday tana ɗana tarko a cikin ciyawa. Ɓeran ciyawa take nema, wannan mai gajeren wutsiya da dunƙulallen hanci da kyanwarmu ke ajiye mana a bakin ƙofa. Ta ce namu ba irin na sauran tsibirai ba ne, haƙoransa daban suke, kuma babu wanda ya taɓa rubuta shi a littafi. Ni dai ban gane yadda abin da kakana ya sha takawa a gona zai zama sabo ba, amma ni da yayata Osla muka ba ta ɗaki.

Ran nan ta tsallaka babban tsibiri sayo kayan aiki, sai iska ta taso, jirgin ruwa ya daina zuwa. Kwana biyu da tafiyarta ta kira ni da hantsi.

"Erlend, na manta tarko ɗaya a bayan garken tumakinka. Don Allah duba mini."

Na je na tarar da wani ƙato a ciki, da ransa, yana ta cin karas. Ta ce lallai a siffanta shi yanzu a sake shi, kada ya mutu. Na tura mata hoto, ta ce waya na ɓata launi, idon mutum take so.

Muka ɗora shi kan teburin kicin. Osla ta jefa shi cikin safa ta aza a sikelin fulawa, sannan ta gwada tsawonsa da tef ɗin saƙarta. Dakta na ta rubutawa, muna jin ta a waya.

"To, launin gadon bayansa fa?"

Na ce, "Kore-kore ne, kamar gansakuka."

Osla ta kalle ni sheƙeƙe. "Kore? A ina ka taɓa ganin koren ɓera? Ja ne, kamar tsatsa."

"Ai launi ɗaya ne, Yaya. Tsatsa da gansakuka."

"Kai, ka sha wani abu ne da safen nan?"

Dakta ta ce mu kai shi bakin taga. Muka kai. Ban ga abin da ya canja ba. Osla ta ɗauko tukunyar da ta yi tsatsa, ta kankaro gansakuka daga jikin katanga, ta jera su gefen ɓeran.

"Da wanne ya yi kama?"

"Da duka biyun," na ce. Kuma iyakar gaskiyata ke nan.

Sai Dakta ta turo wani hoto, ɗige-ɗige ne cike da da'ira, ta ce in karanta lambar da ke ciki. Na juya wayar sama, na juya ta ƙasa. Na ce babu wata lamba.

Osla ta leƙo ta kafaɗata. "Ga saba'in da huɗu nan ƙuru-ƙuru!"

Dakta ta sassauta murya. "Erlend, idonka ba ya raba ja da kore. Da haka ake haihuwar wasu, ba ciwo ba ne. Babu wanda ya taɓa gaya maka?"

Shekarata sittin da ɗaya. Na samu kujera na zauna. Ita kuwa ta rubuta "ja kamar tsatsa", Osla ta fita ta saki ɓeran.

Da ta dawo sai ta tsaya a ƙofa, safar na hannunta. "Erlend. Tumakin Sigurd."

Sigurd Harcus maƙwabcinmu ne. Shi koren fenti yake shafa wa tumakinsa a kafaɗa, ni kuma gwangwanin fentin da aka rubuta ja a jikinsa nake saya wa nawa. Shekara goma sha tara da suka wuce ya tarar da tumakinsa huɗu a garkena, na rantse nawa ne, ya kira ni ɓarawo a gaban jama'a bakin tashar jirgi. Tun ranar ko gaisawa ba ma yi.

"Ke da kika ga fentin, me ya hana ki magana?"

"Na ɗauka ka sani, taurin kai ne kawai irin na Baba."

Na sa takalmin roba na nufi gidansa cikin iskar nan. Na same shi yana gyaran shinge. Na fara da ɓera, na shiga haƙora, na dawo kan gansakuka, ni kaina ban san inda maganar ta dosa ba. Ya bar ni har na ƙare.

"Wato ɓera ne ya gaya maka tumakina ne?"

"A'a, likitar ɓera."

Can ya nuna ƙofar rumbunsa da guduma. "Wannan wane launi ne?"

"Ban sani ba kuma, Sigurd."

Ya tura baki, ya miƙo mini gudumar, ya ce in riƙe masa ya ɗaga turken. Tare muka gama shingen, ban kuwa tambaye shi ko mun shirya ba.