"Mu" na Mutum Biyu

Ambrož Velkavrh ya riƙe ƙarfen bas da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da aljihun kwat ɗinsa. Takardar amincewa da sabon muƙamin jakada ce a ciki, shekara huɗu a Ajantina, kuma ma'aikatar harkokin waje na jiran ta kafin sha biyun rana. 'Yarsa Zarja ta biyo shi tun daga gida, har yanzu bai bar ta ta kai aya ba.

"Baba, ka saurare ni mana. Ni da mijina, mi muna son ka..."

"Midva!" ya katse ta. "Sau nawa zan faɗa miki? Ke da Jernej mutum biyu ne!"

A harshen Sloveniya "mu" na mutum biyu shi ne midva, sai daga uku zuwa sama ake cewa mi. Ambrož ya rubuta littafi guda a kan wannan, ya taɓa buga tebur a majalisa saboda shi. Ga 'yar cikinsa, da ya yi ta jan ta makarantun ƙasashe uku har uwarta ta rasu a can, ta girma tana cakuɗa su. Duk kuskurenta sai ya ji kamar shi ake tuhuma.

Wata tsohuwa mai kwandon kabeji ta ɗago kai, ta gane shi. "Ranka ya daɗe, ai nan ba majalisa ba ce. Ka bar yarinya ta yi magana!"

"Hajar nan da nake gani kabeji ce, ba nahawu ba," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja.

Zarja ta share ido da bayan hannu. "Na iya ƙirga, Baba. Mi na ce. Watan Maris likita ya ce zan haihu. Jernej kullum yana hanya da babbar mota, Mama ba ta raye, kai kuma za ka tafi."

Bas ta tsaya kusa da ma'aikata, ƙofa ta buɗe. Ambrož ya dubi matakalar, ya dubi cikin 'yarsa da bai ko tasa ba tukuna.

"Malam nahawu, ba nan za ka sauka ba?" in ji tsohuwar.

Ya sauke hannu daga aljihu, ya kama na Zarja.

"A'a," ya ce. "Mi gaba za mu."